Bulo Ɗaya Cikin Hanya

To, ku jawo bencin nan cikin inuwa, tunda kun ce tarihin unguwa kuke so. Kai kuma Nura ɗan Alhaji Tanimu ka ce har gini kake so in koya maka kafin hutunku ya ƙare. Hutun wata biyu. Na ji ka jiya a teburin mai shayi kana cewa gini ba wani abu ba ne, ɗora bulo ne a kan bulo, wai har ka ga wani a waya ya tada ɗaki cikin minti huɗu. Allah ya ƙara masa lafiya. Ni Iro Dogo shekara hamsin da 'yan kai ina wannan sana'a, ko banɗaki ban taɓa gamawa a yini ɗaya ba. Na kuma san abin da kuke faɗa a kaina, wai tsohon nan ba shi da aiki sai zaman bakin lungu daga hantsi har isha'i yana sa wa mutane ido. Za mu zo kan wannan zaman.

Na ga allon da kuka kafa a bakin titi, an rubuta Burtali Kwatas da fenti mai ƙyalli. Na tambayi ɗayanku mene ne burtali, ya ce yana jin sunan wani basarake ne na da. Burtali hanyar shanu ce. Wannan titin da 'yan adaidaita sahu suke zagin juna a kai, nan garke yake bi daga wajen Bici ya nufi birni, faɗinsa taku talatin, da shingen ƙaya hagu da dama don kada shanu su faɗa gonakin mutane. Gida bakwai ne a nan lokacin da na yi wayo. Sauran duk dawa ce da gero da gyaɗa, gona manne da gona, gamba ce iyaka. In mutum zai je Kano sai ya yi sallama da iyalinsa sosai, a yi masa addu'a.

Maigidana a sana'a Malam Tanko ne, Allah ya jiƙansa. Rani uku na yi a hannunsa ban taɓa bango ba. Aikina tattaka ƙasa, a zuba ruwa da ciyawa in shiga da ƙafa tun safe har sai ta yi danƙo, a rufe ta ta kwana biyu, a sake buɗewa in sake shiga. Ƙafata ta tsattsage har uwata ta riƙa ɗiga mini man kaɗe a faso. A rani na huɗu aka ba ni jifan tubali. Shi yana zaune a kan bango kamar mai hawan jaki, ni ina ƙasa ina cilla masa ɗaya bayan ɗaya. In jifa ta karkace ba ya miƙa hannu, sai ya bar tubalin ya dawo inda ya fito, ni ne kuwa a wurin. Sau biyu ya same ni a kafaɗa, ban ƙara karkatar da jifa ba.

Amma abin da aka fi saninsa da shi wata gora ce. Duk inda za shi aiki da ita yake tafe a kafaɗa, har yara suna tsokanarsa wai zai je kaɗo tsamiya. Tsawonta na makara ne cif, har da mariƙai. Kafin ya aza harsashin kowane gida sai ya sa mutum biyu su riƙe gorar a kwance, ɗaya gaba ɗaya baya, su taso daga inda ƙofar gidan za ta kasance, su bi hanya har su fita burtali. In ta wuce kowace kwana da sauran filin kafaɗar masu ɗauka, sai ya ce a kawo ƙasa. In ta taɓa, bango ne zai matsa.

Zauren Audu Mai Jaki shi ne aikin da na fara ganin haka da idona. Malam Tanko ya tafi suna Tsanyawa, ya bar babban almajirinsa a kan aikin. Audu ya lallaɓa almajirin ya fito masa da kusurwa kaɗan, wai don ya sami wurin ɗaure jakinsa daga ciki. Kwana biyu muna gini, bango ya kai ƙirji. Da Malam ya dawo ko ruwa bai sha ba ya sa aka bi da gora, ta daki kusurwar. Ya ce a rushe. Audu ya yi ta faɗa, yana cewa ƙasarsa ce, gonar ubansa ce. Malam Tanko ya bar shi ya gama, sannan ya ce:

"Shiga gida kowa da ƙafarsa yake shiga, Audu. Ni fitar nake gina maka."

Da hannunmu muka ture aikin kwana biyu, muka sake jiƙa ƙasar.

Birni kuma bai zo mana da sallama ba. Dillalai ne suka fara zuwa a kan babura, sannan masu awon igiya. Ku da aka haifa a nan ba ku san yadda aka yanka unguwarku ba. Manomi zai sayar da gona, a zo da igiya mai ƙafa hamsin a riƙa ja ana kafa turaku, shi ke nan an yi filotai. Igiyar nan kuwa tana da hali. In ana saye daga manomi sai ta miƙe ta yi tsawo, in ana sayar wa baƙo sai ta ji sanyi ta ƙanƙance. Taswirar wannan ɓangaren namu a bayan kwalin sukari aka zana ta, na gan ta a hannun dillalin. A kan kwalin nan kowane lungu ƙafa goma sha biyu ne, akwai filin makaranta, akwai na asibiti. Filin makarantar shi ne gidan bulon da ke bayan masallaci yanzu. Na asibitin sau biyu aka sayar da shi, har yau jikokin masu shi suna gaisawa a bakin kotu.

Mutane suka cika wuri. Ma'aikacin gwamnati, direban tirela, ɗan kasuwa, malamin makaranta, kowa da inda ya fito, kowa ya gudo daga haya. Abin da ya haɗa su ɗaya ne, kowa ya zama maigida a karo na farko, kuma yana so a gani. Shi ya sa unguwar nan ta fi kowace ƙyauren ƙarfe mai ado, ba ta kuwa da kwata ko ɗaya da ta kai ƙarshenta. Mutum zai liƙa tayil a fuskar gidansa har sama, ya sako ruwan wankinsa ƙofar maƙwabci. In ka yi magana ya ce ai gangare ne, ba shi ya halicce shi ba.

Ni ma na bi zamani. Na ajiye tubali na kama bulo da siminti, na sayi cokalin gini da filam, wato ma'aunin da ke nuna maka ko bango ya miƙe. Gorar Malam Tanko ta dawo hannuna bayan rasuwarsa, na ci gaba da yawo da ita. Masu ba da aiki kuwa na ga iri-iri. Akwai ma'aikacin da na yi wa gini shekara goma sha ɗaya, duk ƙarshen wata bulo ashirin, kafin mu kai linta harsashin ya tsufa. Akwai ɗan kasuwar da ya sa na yi harsashin ɗaki ɗaya, da ciniki ya buɗe ya dawo yana so in ɗora masa bene biyu a kai, da na ƙi ya ce ba ni da tawakkali. Waɗanda suka fi hankali matan gida ne. Mace in ta zo duba gini tambayarta ta farko ita ce ina ruwa zai bi. Mijin kuwa launin fentin get yake tambaya.

Nawa gidan a ƙarshen wannan lungun na yi shi, kun san shi, daga shi sai katangar wata ma'ajiya, babu mafita ta baya. Lungun yana shiga daga titi ya bi gefen gidan su Nura, sannan ya yi kwana ya miƙe zuwa wurinmu. Lokacin da na tare, motar yashi tana shiga har ƙofata ta juye.

Sai ga mummunar shekara. Siminti ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, damina kuma ta yi gardama, masu gini duk suka rufe bulonsu da ƙaya suka ce sai abin ya lafa. Wata takwas ban kwaɓa siminti ba. Awakin Hajara matata suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, kekena ya bi su. Har leburanci na nema a wurin yaran da ni na koya musu riƙon cokali, suka ce suna jin nauyina, ba za su iya sa ni ɗaukar kwano ba. Nauyin nan nasu bai dafa mana tuwo ba ko sau ɗaya.

A cikin wannan hali mahaifinka, Nura, ya sayi filin kwana. Lokacin taya yake sayarwa, kasuwa tana yi da shi, ya kuma sayo wata doguwar mota 'yar Kwatano. Ya kira ni in yi masa gida har da gareji. Muka ja igiya, muka auna motar, sai ga shi garejin ya gaza da bulo ɗaya. Ya ce abu mai sauƙi, a fitar da bangon baya cikin lungu. Na ɗauko gora na yi masa bayanin Malam Tanko tiryan-tiryan. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi gida ya zo ginawa ba maƙabarta ba.

"Bulo ɗaya ne fa, Malam Iro," in ji shi. "Lungun ma wa yake binsa, in ba kai da awaki ba?"

Na ce ba zan yi ba. Ya ce babu komai, maginai sun yi yawa a gari. Na tafi gida ina jin kaina wani babban mutum. Kwana biyu na yi da wannan girman, a na uku Hajara ta kaɗe buhun masara a gabana, ko ƙwaya babu. Na koma. Ni da hannuna na zare turken na matsar da shi, da rana tsaka, mai unguwa ma ya wuce ya yi mana sannu da aiki. Ranar a gida na bar gorar, ban kuma ƙara fita da ita ba. Bangon kuwa na zuba masa duk abin da na iya, rodi da kankare a kusurwa, siminti ba ƙwauro, don kada a ce yunwa ta sa Iro ya yi aikin banza.

Ba a yi wata uku ba Malam Shehu akawu, mai filin da ke fuskantar kwanar, ya turo a kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce yadda na yi wa Alhaji haka zan yi masa, shi ma ba bare ba ne a unguwar. Da wane baki zan hana shi? Daga nan abin ya zama al'ada. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe a hanya ya rufe da kankare mai tudu, wani ya fasa ɗaki ya yi shago da matakala uku a waje. Da Malam Shehu ya yi ritaya ya ɗora bene, ya turo baranda ta rufe saman kwanar. Kowa bulo ɗaya yake cewa, ban taɓa jin wanda ya ce biyu ba. Rabin ayyukan nan kuma ni na yi su, don in na ƙi sai a nuna mini garejin Alhaji.

Yau kun ga yadda lungun yake. Kurar mai ruwa sai ta kankare bango kafin ta wuce. Kayan amarya ta kan katanga ake miƙa su, gado ya bi ta gidan mutum uku kafin ya isa ɗakinsa. Mun saba, har muna yi wa baƙi dariya in sun shigo da babur sun rasa wurin juyawa.

Bara da kaka Garba Mai Rijiya ya rasu, maƙwabcina na jikin bango. Shekara talatin muna tare, rabin rijiyoyin unguwar nan shi ya haƙa su. Kafin shi waɗanda muka rasa a bayan kwanar ko a asibiti suka cika aka wuce da su gidan dangi, ko ƙananan yara ne da ake ɗauka a hannu. Shi da safe ya cika a ɗakinsa, aka sa sallah bayan azahar a ƙofar masallaci. Samari suka ɗauko makara, da suka zo kwana suka ɗaga ta tsaye suka wuce da ita, babu wanda ya kawo komai a ransa. Aka yi masa sutura, aka ɗora shi, muka taso.

A kwanar muka tsaya. Na gaba suka juya, gefen makarar ya daki kusurwar garejin, mariƙan baya suka tokare bangon Malam Shehu. Aka ja baya aka sake gwadawa. Aka ce a ɗaga sama, baranda ta hana. Wani ya ce a karkata, Liman ya ce kada a soma, mutum ne a kai. Jama'a cike da titi suna jira, mu muna nan muna gaba muna baya da bawan Allah, mata kuma daga cikin gida suna jin duk abin da ake ciki. Daga ƙarshe tabarma aka kawo. Muka sauke Garba muka sa shi a ciki, mu shida muka kama, muka lanƙwasa shi muka zagaya kwanar da shi kamar buhun hatsi. Ni ne a wajen ƙafafu.

Da muka fita, Liman ya tambaya a hankali wa ya yi bangon nan. Mahaifinka, Nura, yana tsaye cikin babbar riga, ya nuna ni da carbinsa ya ce, "A tambayi magini, ga shi nan."

Bai yi ƙarya ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko a gaban surukai. Lawan ɗan marigayin har yau yana gaishe ni da ladabi, abin da ya fi zagi ciwo ke nan.

Bayan sadakar bakwai aka kira taron unguwa. Awa guda aka yi ana zagin gwamnati, kowa ya yarda laifinta ne. Da aka gaji na miƙe na ce ni na yi bangon, a ba ni izini in rushe shi in mayar da shi inda kwalin sukari ya ce, aikin hannuna kyauta. Alhaji Tanimu ya ce ya amince, amma Malam Shehu ya fara cire barandarsa. Malam Shehu ya ce wanda ya fara shiga hanya shi zai fara fita. Na tuna wa Alhaji cewa motar nan an fi shekara goma da sayar da ita, garejin ba kowa a ciki sai tattabaru da tsohuwar katifa. Ya ce wa ya san gobe, ko Allah zai hore wata.

Sai wani mai ilimi a cikinmu, wanda ya yi karatu har waje, ya gyara tabarau ya ce ai matsalar ba ta bango ba ce, makarar ce ta cika tsawo. Wallahi aka yi ta jinjina masa. Washegari aka kira mai walda ya guntule mariƙan, ya rage jikinta taƙi guda, ya shafa mata koren fenti. Mutum huɗu suka ɗauke ta a kwance ba kowa a kai, suka bi kwanar, ta wuce da kyar tana gogar bango. Aka yi hamdala aka watse, har mai unguwa yana cewa a rubuta wannan cikin ayyukan ci gaba.

Ni dai ba a banza ake ce mini Dogo ba. Na bari sai da hantsi ya yi, masallaci ba kowa, na je inda ake jingine ta na kwantar da ita, na kwanta a ƙasa a gefenta, kai daidai da kai. Ƙafafuna suka wuce ta da fiye da taƙi. Ladan ya shigo ya same ni a haka, ya ɗauka jiri ne ya kwashe ni, ya ruga neman ruwa. Na ce masa awo nake yi.

To, Nura, ga darasinka na farko, in da gaske kake. Guduma tana nan a zaurena, kusa da gorar. Ni yanzu kafaɗata ba ta iya ɗaga ta. Ka je ka shawo kan mahaifinka, ka zo in nuna maka inda za ka fara sara, sahu tara ne, na san kowane bulo a ciki. In ka rushe wannan ka mayar da shi baya, na yarda ka fara zama magini. Na ga kana duban ƙasa. Na sani, za ka ce sai ka yi shawara. Yayanka ma haka ya ce mini bara.

Zaman bakin lungu da kuke cewa na sa ido ne, yanzu kun ji dalilinsa. Tsoro nake ji. Ba na so a naɗe ni a tabarma a lanƙwasa ni a gaban jikokina, Hajara tana ji daga cikin gida. Shi ya sa da na karya nake fitowa da ƙafata in zauna a wannan gefen kwanar, ina roƙon Allah in lokacin ya yi ya same ni a nan. Amma dole in an yi isha'i in koma ciki. Kullum in na zo wucewa sai na shafa bangon nan da tafin hannuna ko zan ji ya fara tsagewa. Shekara ashirin da shida ke nan, ko gashin tsaga babu. Aikina ne.